Keken da Ba Ya Jin Yarenmu

"Saki rigata, Sharifa. Mutane na kallo."

"Su kalla mana! Walle ban saki sai ka ce min wasa kake!"

Zakiru bai ce wasa yake ba. Yana tsaye a ƙofar shagon ɗinkinsa da ke bayan kasuwar Dakoro, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, ya ƙi yarda su haɗa ido.

"Na riga na ba Hama ɗan kawuna magana. Ranar kasuwa kamyonshi, babbar motar kayan nan, zai tashi, da ni za a tahi."

"Ina?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ina, Zakiru?!"

"Inna dai ta san Agadas ne, tsaron bitik..." Wato jiran shago ya ce mata zai je yi. "Amma ke ba ni iya yi miki ƙarya. Ramin zinariya ne, can arewa."

Hannun Sharifa ya saki rigar da kansa. Ta zube a kan bencin bakin shagon. Ramin zinariya! Can yayan Zakiru, Sa'adu, ya tafi da ƙafarsa, ƙasa ta rufta masa, ko gawarsa ba a kawo gida ba.

"Ka kashe ni, sheri, masoyina... ka kashe ni kawai ka huta."

"Ni ne dai matacce. Ɗiba can." Ya nuna cikin shagon da haɓa. "Shanun babana ke nan, Sharifa. Garke guda ga shi nan lulluɓe da zane, ba shi ko tari."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar nan ita ke cin ran Sharifa, domin ita ta kawo shawarar. Ta yi karatun kwamfuta a Maradi, ta dawo gida tana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago. A Maradi ta ga yadda keken surfani mai aiki da kwamfuta ke zuba ado a wuyan riga kafin mutum ya gama shan shayi, ta kuma ga yadda 'yan Dakoro ke kwasar shaddodinsu duk salla su kai can. Sai ta ce da Zakiru, me zai hana aikin nan ya tsaya a gida, a hannunsa? Shi kuwa da ma ko cewa ta yi rana ta fito daga yamma, zai ce shi ma ya gani. Ya je Tagris ya kaɗo shanun da mahaifinsa ya bar masa, ya sayar, wani ɗan kasuwa ya sauko masa da keken da aka taɓa amfani da shi daga Japan.

Keken lafiyarsa ƙalau, fitilarsa ma tana kamawa. Amma ba ya ɗinka komai sai zanen da aka shirya masa a cikin manhajarsa, wadda ta zo a faifai. Manhajar kuwa Japananci kaɗai take ji, kwamfutar Sharifa kuma Faransanci. Duk sanda ta sa faifan sai allon ya cika da 'yan akwatuna da alamun tambaya, kamar kaji sun yi tono a wurin, daga nan komai ya rufe kansa.

Mutanen Dakoro kuwa, Allah ya ƙara musu lafiya, ba sa barin irin wannan ya wuce su. Zakiru ya koma "mai keken Japan". In ya ratsa ta majalisar masu shayi sai a tambaye shi ko amaryar ta fara magana. Mahaifiyarsa, Inna Hafsatu, ta rantse ba da hankalinsa ya sayar da shanun ba, shanye shi aka yi, kuma kowa ya san wa take nufi. Da maganar ta kai kunnen Malam Mahamman, baban Sharifa, shi ma ya yi tsalle ya dire: muddin ana kiran 'yarsa mai asiri, kada ya ƙara jin sunan Zakiru a gidansa.

Sharifa ta share fuska da gefen hijabi, ta miƙe.

"Ka ba ni zuwa ranar kasuwa."

"Tun yaushe kike hwama da shi, Sharifa?"

"Na samu wata dabara. Mushe ɗinmu, malamin da ya koya muna kwamfuta a Maradi, yac ce akwai wani ƙaramin lojisiyel, wato manhaja, in anka sa shi cikin ordinater, kwamfutar nan tawa, sai shi ruɗi na keken shi ɗauka a Japan shike. Ka ba ni makullin bitik, masoyi. In keken ga ya yi ɗinki, ka rantse min ba ka zuwa."

Ya yi wata dariya wadda kuka ya fi ta daɗin ji.

"In ya yi, ko da igiya Hama ba shi ja na."

Ya zaro makullin ya ajiye mata a tafin hannu.

"Ki bar kukan ga, ɗiyar Malam. Ba ke kinka yi ba, rabona ne."

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Tun daga ranar Sharifa ta tare a shagon. Da safe ta gaida iyayenta ta ce ta tafi aiki, kuma ba ƙarya ta yi ba, aikin ne dai ba wanda suka sani ba. Bazara ce, kwanon rufin shagon yana ɗaukar zafi tun da hantsi, gumi yana bin bayanta, ita ko a jikinta.

Sauke ƙaramar manhajar ma kaɗai sai da ya sa ta kuka. Rezo, wato sabis ɗin waya, a cikin shagon ba ya da ƙarfi, sai ta fita ta tsaya a gindin dogon ƙarfen sadarwa na bakin tasha, a tsakiyar rana, ta ɗaga waya sama. Abu ya yi nisa, saura ƙiris, sai ya katse. Ta sake. Ya katse. Masu kabu-kabu suna kallonta suna ƙus-ƙus, ta yi kamar ba ta gan su ba.

Da ƙyar ya sauka. Ta koma shago da gudu ta zuba shi a kwamfuta, sai manhajar da ke gadin kwamfutar ta ɗauke shi ɓarawo ne, ta haɗiye shi nan take.

"Wayyo Allahna! Ke kuma mi na yi miki?"

Ta kashe mai gadin, ta koma bakin tasha, ta sake shan rana.

Wannan karon ya shiga, amma ya ce shi ma ba zai yi aiki ba sai an kawo masa wani ɗan'uwansa da yake jingina da shi. Ta nemo ɗan'uwan. Ana tsakiyar sa shi aka ɗauke kuran, wutar lantarki ke nan, batirin kwamfutar kuwa tsoho ne, bai daɗe ba allon ya yi baƙi.

Sharifa ta kifa kai a kan teburin keken.

"Don Allah ka yi magana," ta ce da shi a hankali, kamar mai lallashin jinjiri. "Ni ban jin yarenku, kai ba ka jin namu, amma ai ka ga halin da nike ciki. Mutum za shi mutu saboda kai..."

"Salamu alaikum, injiniya!"

Ko ba ta ɗago ba ta san muryar. Balkisu ce, ƙanwar Hama mai kamyo, 'yar ƙanen Inna Hafsatu. Daga Birnin Lalle ta zo wai taya gwaggonta aiki, aikin da tun zuwanta bai ƙare ba. Ta sha lalle har gwiwar hannu, ta tsaya a bakin ƙofa tana taunar cingam.

"Hal yanzu aljanun naki ba su amsa ba?"

"Balkisu, in ke ba ki da aiki, ni ina da shi."

"Aiki! Ai kin aikata garke guda, mi yar rage?" Ta shigo ta ɗaga gefen zanen da aka rufe keken da shi, ta taɓe baki. "Bari in hwaɗa miki, don kar ki ji a bakin duniya. In Yaya Zakiru ya tahi ya dawo, gidanmu za a kai goro. Gwaggo ta gama magana."

"Kin san inda yayanki za shi kai shi?"

Bakin Balkisu ya tsaya da tauna, na ɗan lokaci kaɗan.

"Namiji ai ba shi tsoron rami."

Sharifa ta miƙe tsaye a hankali.

"Kin sani... Kin sani, kuma kina kallon Inna kullum kina shiru?"

"Gara shi shiga rami shi hito nawa, da shi zamna sarari shina naki."

"In bai hito ba hwa?"

Balkisu ta gyara mayafi ta fice, ta bar ƙamshin turarenta a shagon.

Haka kwanakin suka zube kamar ruwa a rariya. An sa ƙaramar manhajar, an sa ɗan'uwanta, an kashe kwamfuta an kunna ba adadi, amma da ta buɗe ta keken sai dai 'yan akwatunan nan su fito su yi mata gwalo. Abinci ya daina wuce mata. Mahaifiyarta ta tambaye ta ko zazzaɓi ne, ta ce e. Zakiru kuma ya daina biyowa ta bayan kasuwa, sai dai ta hango shi daga nesa yana sayen jarka da rawani, kayan masu tafiya hamada.

Ranar kasuwa ta zo.

Tun da sassafe garin ya cika da kukan shanu da na raƙuma. Sharifa ta buɗe shagon, ta zauna gaban allon ba tare da ta san me ya rage ta gwada ba. Tana ta bin ma'ajiyar kwamfutar ido kawai, sai ta ga inda manhajar keken take zaune. Sunan wurin ma kansa 'yan akwatuna ne da alamun tambaya.

Ta matso kusa da allon.

Ashe tun ranar farko da ta sa faifan, a karye manhajar ta shiga. Duk wahalar nan da take sha, gurguwa take ta lallashi ta tashi ta yi gudu. Ba bayan an sa ta ake ruɗinta ba, tun daga bakin ƙofa ake yi.

Ta goge komai tas. Ta mayar da faifan, amma maimakon ta buɗe shi kai tsaye, sai ta bi da shi ta cikin ƙaramar manhajar.

"Bismillahi... Ya Allah, ba don halina ba..."

Allon ya yi fari.

Sai ga rubutu ya fito, layi-layi, tsaf da shi. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma ta san wannan rubutun mutane ne, ba tonon kaji ba. Ta ɗora kyamarar wayarta a kai, wayar tana juya mata shi zuwa Faransanci, tana bi tana dannawa, tana dariya hawaye yana zuba. Manhajar ta shiga har ƙarshe. Ta buɗe ta. Ga furanni, ga zanen ganye, ga launin zare kala-kala!

Sai wani ɗan saƙo ya faɗo a tsakiyar allon ya tsare komai.

Ta ɗora wayar a kai. Cewa yake a soka makullin manhajar a jikin kwamfuta. Ga ma hotonsa nan a gefe, ɗan abu bai kai tsawon yatsa ba.

Ta zazzage akwatin da keken ya zo a ciki. Ta laluba aljihunan keken, ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta kwashe tsummokaran ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Babu. Ta kira Zakiru.

"Alo, sheri! Ya buɗe! Walle ya buɗe, rubutun ya hito! Kana ina?"

Kafin ya amsa ta ji rurin inji a bayansa.

"Mun tashi, Sharifa. Hama yac ce a guje ma rana, ana gama sallar asuba munka hita."

"Ko bankwana, Zakiru? Ko bankwana?!"

"In na ga idonki ba ni iya tahiya."

Ta danne kukan da ya taso mata, domin ba ta da lokacinsa.

"Saurara, masoyi. Abu guda yar rage. Makulli shike biɗa, wani ɗan abu kamar kile, abin nan na ajiyar waƙoƙi da aka soka ma ordinater. Ba ka gan shi cikin kayan ba?"



"Wani ɗan ƙunshi ja... da rubutu jikinshi, ɗaure da zare?"

"Shina iya zama shi! Ina shike?"

"Ranar da anka sauke keken a gida, kahin a kai shi bitik, Balkisu ta gano shi cikin aljihun keken. Tac ce ma Inna laya ce kinka sa. Inna ta amshe, tac ce ta ƙone shi. Ni na ɗauka tarkacen masu keken ne, ban hwaɗa miki ba don kar ranki shi ɓaci."

"Zakiru..."

"Shi ke nan, ɗiyar Malam. Kin yi iyakar yinki. Ki yahe min, ki kuma..."

Layin ya yanke.

Ta sake kira, aka ce ba a samunsa. Ta zauna a ƙasa cikin tsummokara, ta rasa ma hawayen. Can sai ta tuna hoton nan na gefen allo: bakin abin ƙarfe ne. Wuta ba ta cin ƙarfe da sauri. Ta san hauka ne, amma haukan shi kaɗai ya rage mata.

Ta rufe shagon ta nufi gidan da ta rantse ba za ta taka ba.

Inna Hafsatu tana zaune a ƙarƙashin rumfa da carbi a hannu, kwanon furarta a rufe ko taɓa shi ba ta yi ba. Balkisu tana bakin murhu tana hura wuta. Sharifa ta yi sallama ba a amsa ba, ta cire takalmi, ta ƙarasa ta zube a kan gwiwoyinta.

"Wa yab ba ki izinin shigo min gida?"

"Inna, ki zage ni, ki buge ni, duk na ɗauka. Amma ki saurare ni."

"Ba ki da sauran abin ɗauka a gidan ga. Shanu sun tahi, yaro ya tahi."

"Ina yat tahi, Inna?"

"Agadas. Inda hannunki ba shi kai."

"Ba Agadas ba ne. Ramin zinariya ne. Inda... inda babban ɗanki yat tahi."

Carbin ya suɓuce daga hannun tsohuwar.

"Ƙarya take, Gwaggo!" Balkisu ta taso daga bakin murhu. "Makirci ne irin nata!"

"Ɗibe ni cikin ido, Balkisu," in ji Inna Hafsatu.

"Gwaggo, ni dai..."

"Na ce ki ɗibe ni!"

Balkisu ta sunkuyar da kai tana murza gefen zaninta. Inna Hafsatu ta daɗe tana kallonta. Fuskar tsohuwar ta zube lokaci guda.

Sharifa ta matsa kusa da ita a kan gwiwa.

"Ya rantse min in keken ya yi ɗinki ba shi zuwa. Kuma saura ƙiris, Inna. Abin da kinka ƙone ba laya ba ce, makullin keken ne. Masu shi sunka ɗinka mishi ɗan jaka don kar shi ɓace. Ki nuna min inda kinka zubda tokar, in tona da hannuna, ko ƙarhen ya tsira..."

Tsohuwar ta juya musu baya, ta sa hannu a ƙarƙashin rigarta ta fara kwance wani abu a ƙugunta. Ƙullin ya yi tauri, sai da ta sha fama. Da ta juyo, ga ɗan jan ƙunshi a tafin hannunta, gumi ya rina shi ya yi duhu.

"Ban ƙone shi ba."

Sharifa ta toshe baki da hannu biyu.

"An ce min in anka ƙone sammu ba a karya shi ba, wanda anka yi mawa shina iya zaucewa. In anka binne, shi lalace tare da shi. Na rasa inda zan kai shi. Sai na ce, to, abin ga ai mutum shike biɗa. Ga ni." Ta buga ƙirjinta a hankali. "Na ɗaura shi jikina, in mugun abu ne shi ci ni, shi bar min yarona. Da shi nike kwana, da shi nike tashi. In kaina ya sara sai in ce ya hwara, in gode ma Allah da ni ce. Guda ƙasa ta ci min, ba ni ba da na biyu."

Sai a lokacin kukan Sharifa ya ɓalle. Duk tsawon lokacin nan tana ganin matar nan a matsayin maƙiyiya, ashe abu ɗaya suke yi, kowacce a nata ɗakin.

"Gwaggo, kar ki ba ta!" Balkisu ta kai hannu da sauri, idonta a kan murhu. "Ida aikinta za ta yi!"

Inna Hafsatu ta dunƙule hannu, ta make nata da ɗayan.

"Kul! Ni zan buɗe shi da kaina. In gashi na gani ko ƙaho, ɗiyar Malam ta san sauran."

Ta sa haƙori ta tsinke zaren. Ɗan baƙin roba ya faɗo a cinyarta, da bakin ƙarfe, sak hoton da ke kan allo. Ta juya shi, ta sake juya shi.

"Wanga ne?" ta ce, da wata ƙaramar murya. "Wanga ne ya hana ni barci?"

"Shi ne, Inna."

Ta miƙe ta jawo mayafinta daga kan igiya.

"Ke Balkisu, yau kasuwa ce, motocin Birnin Lalle ba su wuya. Kar in dawo in iske ki." Ta dubi Sharifa. "Tashi mu tahi. Tashi mana!"

Waɗanda suka ci kasuwar Dakoro ran nan sun ga abin mamaki: Inna Hafsatu, wadda ko biki ba ta zuwa sai an aiko mata kabu-kabu, tana kutsawa tsakanin raguna da buhunan hatsi riƙe da hannun yarinyar da ta ce ta shanye mata ɗa.

Suna isa shagon suka tarar an ɗauke kuran.

Sharifa ta jingina da bango, ta ji kamar ta kurma ihu. Amma tsohuwar ta riga ta ji ƙarar injin wutar mai walda na maƙwabta. Ta tsaya a kansa ba ko gaisuwa.

"Ɗana, kashe wutar ga taka, ka ja mana waya zuwa can."

"Inna, aiki nike..."

"Ni na yi ma uwarka wankan jego. Ja waya!"

Ya ja waya.

Fitilar keken ta kama, kwamfutar ta tashi. Sharifa ta soka makullin.

Shiru. Saƙon nan yana nan daram a tsakiyar allo.

"Ya mutu?" Inna ta kama kafaɗarta. "Ni na kashe shi da zuhwata?"

Sharifa ta zare shi ta duba. Bakin ƙarfen ya yi tsatsa-tsatsa. Ta goge shi da gefen hijabinta, ta kankare da farce, ta hura masa iska, ta yi duk addu'ar da ta zo bakinta. Ta sake sokawa.

Wata 'yar koriyar wuta ta ƙyafta a jikinsa.

Saƙon ya ɓace.

"Ƙyalle! Inna, ƙyalle za mu sa!"

Tsohuwar ta zare mayafin kanta ta miƙa mata, ta tsaya da ɗankwali kawai a gaban mai walda da duk wanda ya leƙo. Sharifa ta ɗaure gefen mayafin a zoben keken kamar yadda ta sha ganin Zakiru yana gwadawa. Zare kuwa tun ranar da aka kawo keken ya zura shi, yana nan yana jira. Ta zaɓi furen farko da ta gani, ta tura, ta danna.

Keken ya yi wani ɗan nishi. Zoben ya motsa da kansa.

Sai allura ta sauka.

Tat-tat-tat-tat-tat!

"La'ilaha illallahu!" Inna ta ja da baya, ta sake matsowa. "Shina yi! Ɗiyata, shina yi shi kaɗai!"

Mutane suka cika bakin ƙofa, har da 'yan majalisar shayi, yau kam bakinsu a buɗe ba magana. Sharifa ba ta ko kalle su ba, wayarta take dannawa.

Ba a samunsa.

Ta sake. Ba a samunsa.

Furen ya fara fitowa, ganye ɗaya, ganye biyu, ita kuwa zuciyarta tana can kan hanyar arewa. In kamyon ya wuce garuruwa ya shiga daji, babu sauran rezo sai inda Allah ya kai su. Ta kira har yatsanta ya gaji. Inna ta durƙusa a ƙasa ta ɗaga hannuwa sama.

Can sai ta ji ta shiga.

"Alo? Sharifa? Mun tsaya shan ruwa, yanzu za mu..."

Ta kai wayar bakin allurar ta riƙe.

Tat-tat-tat-tat-tat!

Da ta mayar da ita kunne, numfashinsa kawai take ji.

"Mine ne wanga?" ya ce da ƙyar. "Sharifa... kar ki yi min wasa da rai."

Inna Hafsatu ta fizge wayar.

"Kai! Agadas ko? Ni za ka yi ma ƙarya? Sabko daga motar ga. In ka ƙara taku guda gaba ban yahe ba. Sabko ka dawo min, ko da ƙahwa ne!"

Ta cikin wayar suka ji hayaniya, Hama yana faɗa, wani yana cewa a miƙo masa jakarsa. Sai muryar Zakiru:

"Na sabka, Inna."

Gab da magariba wata motar dabbobi ta sauke shi a bakin kasuwa. Ya shigo shagon buɗu-buɗu da ƙura, yana warin awaki, jaka a kafaɗa. Sharifa ce kaɗai a ciki, tana zaune a gefen keken, idanunta sun kumbura.

Suka tsaya suna kallon juna.

"Ka tahi ba bankwana," ta ce.

"Na dawo ba sallama. Mun yi daidai."

Ta ɗauki wani tsumma ta jefe shi da shi, tana kuka tana dariya. Ya ajiye jakar ya durƙusa a gabanta, ya rasa ta inda zai fara. Can ya waiga.

"Ina Inna?"

"Tana gidanmu."

Ya zabura.

"Gidanku? Wurin Malam? Yin mi?"

"Ta yahwa mayahinta mai hure, tac ce ita ta ɓata min suna da bakinta, da bakinta za ta wanke shi." Sharifa ta ja hijabi ta rufe rabin fuskarta. "Tac ce kuma in ka iso ka yi wanka, ka biɗo kawunnanka. Gobe da sahe za su kai goro."